Mai Takaba a Allon Tallan Sindiyana

Daga:
Gassan Taisir Abdulhadi,
Shago mai lamba 14, Hawa na Ƙasa,
Rukunin Shagunan Sindiyana,
Irbid.

2 ga Janairu, 2023.

Zuwa ga:
Mai Girma Daraktan Sashen Lasisi da Kula da Allunan Talla,
Majalisar Birnin Irbid.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘORAFI A KAN HOTON MAHAIFIYATA, MAI TAKABA, DA AKE NUNAWA A BABBAN ALLON TALLA NA RUKUNIN SHAGUNAN SINDIYANA BA DA SANINTA BA

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan Allah Ya taya ka riƙo, ni ne mai suna a sama, ɗan kasuwa mai sayar da gahawa da soyayyiyar gyaɗa da dangoginta a rukunin shagunan da na ambata. Ina shigar da ƙorafi a kan hukumar rukunin da kuma Kamfanin Talla na Wamid, wanda ke kula da babban allon lantarkin da ke fuskantar shataletale. Yau wata guda ke nan allon yana nuna fuskar mahaifiyata ga duk mai wucewa, alhali tana cikin takabar mahaifina. Ina neman ofishinka ya sa a sauke hoton. Zan jero yadda abin ya faru ba tare da na rage komai ba, har da nawa laifin, domin laifi tudu ne, kuma na gaji da taka nawa ina hangen na wasu.

1. Allah Ya yi wa mahaifina, Alhaji Taisir Abdulhadi, rasuwa ranar Talata, 6 ga Satumba, 2022. Mahaifiyata, Hajiya Fadwa, wadda unguwa ke kira Ummu Gassan, ta shiga takaba a gidansa tun daga ranar. Shekarunta sittin da takwas. Ta ajiye kwalli da turare, ta cire har zoben aurenta, ba ta yafa komai sai baƙin mayafi. Ko baranda ba ta leƙa ba, ko da ana hayaniya a layi, ita da a da babu abin da ke wucewa ta ƙofar gidanmu ba ta san daga inda ya fito ba. Bisa lissafi, takabarta za ta cika ranar Juma'a, 13 ga wannan wata.

2. A farkon Nuwamba tabaraunta ya faɗi a kicin ya fashe. Da shi take karatun Alƙur'ani kowace safiya tana yi wa mahaifina addu'a, idan babu shi kuwa ko lambar waya ba ta iya gani. Na tambayi limamin masallacin unguwarmu, ya ce fita da rana saboda lalura ba laifi ba ne, in dai an gama buƙata an koma gida. Da ƙyar na shawo kanta. Ranar Talata, 8 ga Nuwamba, da hantsi, na ɗauke ta a mota zuwa shagon tabarau da ke hawa ɗaya da nawa, inda suke auna ido su haɗa gilashi nan take. Har zuwa nan, ranka ya daɗe, ban ga abin da wani zai zarge ni da shi ba.

Daga nan ne nawa ya fara. Bayan an auna idon, ta ce in mayar da ita gida, in dawo in karɓi tabarau ni kaɗai. Na ƙi. Na ga yadda ta rame, wuyanta ya zama kamar na tsuntsu, sai na zaunar da ita a kujerun da ke gaban shagona, kusa da maɓuɓɓugar ruwa, na sayo mata kayan zaƙin nan na cuku, kunafa, da zafinta, na rantse ba za mu tashi ba sai ta ci. Liman ya ce a gama buƙata a koma. Kunafa ba ta cikin fatawarsa, ni na ƙara ta.

3. Muna zaune sai ga ma'aikatan Kamfanin Wamid su uku da kyamara, suna ɗaukar hotunan masu sayayya domin tallan rangwamen hunturu. Babbansu ya san ni. Ya yafito ni gefe, ya nuna mahaifiyata da haɓa, ya tambaya ko babu damuwa su ɗauki wajen da take. Na duba na ga idan suka ɗauka daga inda suke tsaye, sunan shagona zai fito ɓaro-ɓaro a bayan kafaɗarta. Na ce su ɗauka. Ban gaya masa tana takaba ba, ban gaya mata ana ɗaukarta ba. Na yaudari kaina da cewa tsohuwa ce cikin baƙin kaya, za ta wuce a gefen hoto ba wanda zai kula. Gaskiyar magana ita ce, sunan shagon nake kallo, ba ita ba.

A daidai lokacin aka kawo mata sabon tabarau. Ta saka, ta ɗago ta dube ni da kyau, sai ta ce, “Kai Gassan! Yaushe sanƙonka ya kamo na ubanka? Ashe tsohon gilashin nan rufa maka asiri yake yi.” Ta yi dariya. Ita ce dariyarta ta farko tun ranar da aka fita da gawarsa. Ba ta ma ƙarasa ta ba kuka ya ƙwace mata, ta rufe fuska da mayafi, na kama hannunta muka tafi mota. Kyamarar ta ɗauki duka biyun, dariyar da kukan.

4. Ranar Alhamis, 1 ga Disamba, aka fara nuna sabon tallan. Ina tahowa shago da safe, na iso shataletale, na ɗaga kai, sai ga fuskar mahaifiyata ta cika allon da ya kai tsayin bene biyu. Tana dariya, cokali a hannu, a ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe, “Ku zo mu yi dariya tare.” An yanke kukan. Sai da na bayana suka dame ni da hon kafin na iya jan motar. Tun daga ranar hoton yake dawowa bayan kowane ɗan lokaci, daga buɗe kasuwa har rufewa, haka kuma a ƙananan allunan da ke bakin lif da matakala da wajen ajiye motoci.

Ya kamata in sanar da ofishinka cewa wannan allo ba ni da bakin da zan zage shi. A bara, da ciniki ya ja baya, mutane suka koma saye ta waya, mu masu shaguna muka yi taro. Ni na fi kowa ɗaga murya a kan a kafa allon lantarki mai jawo masu wucewa. Har na yi wa maƙwabcina mai sayar da takalma dariya da ya ce shi bai yarda da abin da ke kallon mutane ba tare da sallama ba. Allon ya yi aikinsa, jama'a sun dawo. Tsuntsun da ya ja ruwa kuwa shi ruwa kan doka.

5. Babban abin da nake ƙorafi a kai shi ne wannan. Mayafin da mahaifiyata ta yafa ranar 8 ga Nuwamba baƙi ne wuluk, yana nan rataye a ɗakinta, duk mai so ya zo ya gani. A allon kuwa ruwan lemo ne. An kuma ƙara wa fuskarta haske, an jajanta leɓenta har ya zama kamar ta shafa jan-baki. Da na bincika, sai aka ce min launin tallan hunturun bana ke nan, ruwan lemo da ruwan ɗorawa, wai baƙi yana kashe allo, ba ya jan ido daga nesa. Wanda ya yi wannan aiki a kwamfuta ya ga tsohuwa da baƙin mayafi, bai tsaya ya tambayi kansa dalili ba. Da a wata ƙasa aka yi, sai in ce jahilci ne. Amma a garin nan wane ne bai taɓa ganin kakarsa ko gwaggonsa cikin wannan mayafin ba?

Saboda haka abin da mutanen Irbid ke gani kullum shi ne matar Alhaji Taisir ta caɓa ado, ta fito kasuwa cin daɗi, mijinta bai cika wata uku a kabari ba. Wannan ƙarya ce, kuma ƙarya ce da aka yi mata da fuskarta.

6. Zancen duniya ba ya ɓuya, balle wanda aka rataye a kan shataletale. Matan danginmu da ke zuwa taya ta zama suka fara ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Gwaggona Nawal, ƙanwar mahaifina, wadda ba ta taɓa fashin Litinin da Alhamis ba, ta aiko cewa ƙafa ke damunta. Mahaifiyata ta dafa mata ganyen magani ta ba ni in kai mata. Na karɓa na kai.

Ranar Juma'a, 9 ga Disamba, bayan an sauko daga masallaci, yayan mahaifina, Baffa Abu Muntasir, ya zo gidana da 'ya'yansa maza biyu. Na zuba masa gahawa da hannuna. Ya karɓi finjalin ya ajiye a ƙasa bai kurɓa ba. Ranka ya daɗe, kai ɗan ƙasar nan ne, ka san babba ba ya ajiye finjali sai yana da magana, kuma ba zai ɗauka ba sai an biya masa buƙata. Ya ce, “Ɗan'uwana ko ƙasar kabarinsa ba ta gama kwanciya ba, matarsa tana kan titi da mayafi ruwan lemo tana yi wa direbobin tasi dariya. Jiya a wajen ta'aziyya wani ya tambaye ni ko mun fara karɓar masu neman aurenta. Ni, da furfurata. Gaya min, wa ya kai ta?”

Na ce ni na kai ta, saboda tabarau. Na ce mayafin baƙi ne, kamfani ya canza shi. Babban ɗansa ya yi tsaki, ya ce to dariyar ma kamfani ne ya saka mata? Sai Baffa ya tambaye ni wa ya ba su izinin ɗauka. A nan, ranka ya daɗe, na sunkuyar da kai na ce ban san yadda aka yi ba. Na bar su suka tashi da zaton ita ta zauna gaban kyamara da son ranta. Uwar da ta haife ni na bari a rana, ni na shige inuwa. Gahawar ta huce a inda ya ajiye ta, kuma har yau bai sake taka gidana ko nata ba.

7. Ban zo ofishinka ba sai da na bi duk ƙofofin da ke ƙasa da shi. Ranar Lahadi, 11 ga Disamba, na sami manajan rukunin, Ustaz Firas, na yi masa bayani. Ya tarbe ni da fara'a, ya kira ni da alkunyata, ya ce, “Haba Abu Taisir, ai Hajiya ta zama tauraruwa! Wasu kuɗi suke biya a sa su a allon nan, kai an sa maka uwa da shago kyauta kana ɓata rai?” Da ya ga idona ya kawo ruwa sai ya gyara zama, ya ce ya tausaya, amma su gini kawai suka bayar haya, abin da ke cikin allon na Kamfanin Wamid ne.

Ranar Laraba, 14 ga wata, na je Kamfanin Wamid. Suka ce hukumar rukunin ce ta amince da tallan, ba za su taɓa shi ba sai da takarda daga gare ta. Na koma wajen Ustaz Firas, ya ce takardar sai mai ginin ya sa hannu, mai ginin kuma ya yi tafiya. Haka suka yi ta wasa da hankalina, wannan ya tura ni wajen wancan. A zuwana na uku wani jami'in kamfanin ya fito min a mutum. Ya ce allon yana da na'urar da ke lura da yawan masu ɗaga kai su kalla, kuma a duk tallan bana babu hoton da ke tsayar da ido kamar na tsohuwar nan. Ya ce yarjejeniyarsu sai ƙarshen Fabrairu, in yi haƙuri, kwana nawa ne. Sannan ya tuna min, cikin ladabi, cewa ɗanta na cikinta ne ya ce a ɗauka, kuma ma'aikatansu uku shaida ne. Bai kuwa yi ƙarya ba. Na roƙi ko asalin hoton su ba ni, wanda ba a taɓa launinsa ba, in kai wa Baffa. Suka ce dukiyar kamfani ce.

Wani abin da ke ƙara cin raina shi ne ciniki ya buɗe a shagona tun da aka fara tallan. Mata suna shigowa suna cewa a auna musu gahawar shagon da ke bayan tsohuwar nan mai dariya. Ina aunawa, ina ƙullawa, ina cewa Allah Ya amfana. Abin da na nema ke nan ranar da na ce a ɗauka, ga shi na samu, ya kuma zame min garwashi a tafin hannu.

8. Duk wannan lokaci na ɓoye wa mahaifiyata. Na ja kunnen matata da ƙannena. Amma ranar Juma'a, 23 ga Disamba, wata maƙwabciyarmu, Ummu Ra'id, wadda magana ba ta kwana a cikinta, ta shiga gaishe ta, ta ciro waya ta nuna mata hoton allon, wai jikarta ce ta ɗauko daga tagar bas. Da sabon tabaraun da na sayo mata ta kalla, don haka babu abin da ya ɓace mata.

Da na iso da la'asar na same ta a kan sallaya. Na shirya wa faɗa, na shirya wa kuka, har Allah-ya-isa na shirya wa. Ba ta yi ko ɗaya ba. Na durƙusa na gaya mata komai, har da maganar sunan shago, har da abin da na ce wa Baffa. Can ta ce, “Ashe shi ya sa ƙafar Nawal ta ƙi warkewa.” Sai ta tambaye ni ranar da aka fara nunawa, na gaya mata.

9. Washegari ta sanar da mu hukuncin da ta yanke wa kanta, kuma shi ne dalilin da ya sa wannan takarda ba za ta iya jiran Fabrairu ba. Ta ce duk ranar da hotonta ya wuni a kan titi, ita ba ta wuni a ɗakin mijinta ba, saboda haka ba za ta sa ranar a lissafin takaba ba. Ta zubar da duk kwanakin Disamba. Ta ce lissafinta ya tsaya a inda allon ya fara, kuma ba zai ci gaba ba sai ranar da aka sauke ta.

Na ɗauko liman har gida. Ya zauna a bayan labule ya yi mata bayani cewa takabarta ba ta ɓaci ba, hoto ba mutum ba ne, kuma Allah ba Ya kama bawa da abin da aka yi masa ba da saninsa ba. Ta saurare shi har ya gama, ta yi masa godiya, ta ce, “Malam, na yarda da karatunka. Amma shekara arba'in da shida Abu Gassan bai taɓa dawowa gida ya tarar ba na nan ba. Wata huɗu da kwana goma kawai ya rage masa a wajena, ba zan ba shi da giɓi ba.” Liman ya fito yana share ido, ya ce min wannan ba matsalar fatawa ba ce, in je in nemi masu allo.

Mace ce mai ciwon suga da hawan jini. Likita ya ce tana buƙatar tafiya da shan iska, kuma da ma muna ƙirga kwanaki ne mu kai 13 ga wata, ta ziyarci kabarinsa, ta je Ajlun wajen ƙanwarta ta huta. Yanzu ranar tana matsowa, ita kuma tana nan inda take tun ƙarshen Nuwamba. Idan aka bar allon har ƙarshen Fabrairu, wata uku ke nan za ta ƙara a ɗaki ɗaya saboda kalma biyu da suka fita daga bakina.

Bisa ga abubuwan da na zayyana, ina roƙon ofishinka mai albarka, wanda shi ke ba da lasisin kowane allo a birnin nan, da ya taimaka da waɗannan:

Na farko, a umarci Kamfanin Wamid da hukumar Rukunin Sindiyana su cire hoton mahaifiyata nan take daga babban allo da dukkan ƙananan, ba tare da jiran dawowar mai gini ko ƙarewar yarjejeniya ba.

Na biyu, a sa su miƙa min asalin abin da suka ɗauka, da baƙin mayafinsa da kukan da suka yanke, tare da takarda mai hatimin kamfani da ke tabbatar da cewa su suka canza launin. Zan kai wa Baffa Abu Muntasir da hannuna, haɗe da kwafin wannan takarda, ya karanta sakin layi na uku da na shida da idonsa. Wanke ta ya zama dole ko da ni zan baƙanta.

Na uku, idan ofishinka ya ga dacewar haka, a sa wa masu allunan nan sharaɗi cewa wanda za a nuna fuskarsa shi za a tambaya, ba ɗansa ba, ba mijinta ba, ba wani mai shago da ke tsaye kusa ba. Da an tambaye ta, da kalma ɗaya ta kashe maganar.

Ba na neman diyya, kuma ba na so a kori kowa daga aikinsa. Idan doka ta tanadi hukunci a kan wanda ya ba da izinin da ba nasa ba, ga ni, adireshina yana sama, ba zan ɗaukaka ƙara ba.

Ranka ya daɗe, na san teburinka cike yake da manyan al'amura, wannan kuwa hoton tsohuwa ɗaya ne da ba ya wuce ƙiftawar ido. Amma kullum idan na tashi daga kasuwa na biya ta gidanta, ba ta tambayata ciniki, ba ta tambayata jikokinta. Takan ɗago ta dube ni ta ce, “Gassan, sun dawo da ni gida?” Ni na fitar da ita, na kuma kasa dawo da ita. Ina roƙonka, don girman Allah da darajar iyayenka, ka sa hannu a wannan umarni, ko na samu in shiga ɗakin nan rana ɗaya in ce mata e.

Ka huta lafiya. Allah Ya ƙara girma, Ya jiƙan magabata.

Naka mai biyayya,

Gassan Taisir Abdulhadi
(Abu Taisir)